Sai da Inna ta ruɗe sannan ta kira sunana

Daga Admin: Wata baiwar Allah ce daga Kumasi ta turo wannan, ta roƙi a sakaya sunanta. A yi mata magana da ladabi, sa'ar iyayen da yawa daga cikinmu ce.

Assalamu alaikum 'yan wannan zaure, manya da yara. Admin na gode da ka karɓa, ka yi haƙuri da tsawonsa, ni ko a baki ban iya taƙaita magana ba balle a rubuce. Na daɗe a cikinku ina karanta matsalolin mutane, wani lokaci har in yi tsaki in ce wannan ma matsala ce, yau ga shi ta zo kaina. Don girman Allah duk wanda ya karanta ya ba ni shawara, kwana goma sha ɗaya ke nan ban ci abincin kirki ba, kuma lokacin da ya rage mini kaɗan ne.

Mu ce sunana Zinatu, ba shi ba ne na gaskiya. Shekarata sittin da biyu, a Zongon Kumasi aka haife ni, nan na yi aure, nan na haifi 'ya'ya biyar. Waakye nake sayarwa a bakin titi a Sofoline, wato shinkafa da wake irin tamu ta Gana, fiye da shekara talatin ke nan. Duk wanda ya san ni zai ce muku Mma Zinatu ba ta ɗaukar raini, direbobin trotro, motocin hayarmu, ma sai sun gyara murya kafin su ce in ƙara musu miya. Ba wanda zai yarda in na ce tun ina yarinya har yau kallon kaina nake yi a matsayin abin da ake iya mantawa a bari a baya ba a ji komai ba. Amma haka nake, kuma bari in gaya muku inda abin ya samo asali.

Babana a nan Kumasi aka haife shi. Ubansa mutumin Maradi ne da ya zo fataucin goro ya zauna, uwarsa kuma, Kaka Lariba, Bagwanja ce daga Salaga. Da Baba ya isa aure sai aka haɗa shi da wata 'yar dangin ubansa daga Maradi, ita ce Inna, mahaifiyata. Ni ce 'yar fari. Waɗanda suke Nijar da Najeriya a cikin zauren nan kun san abin da wannan yake nufi wajen matan da, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in an yabe shi ma sai ta kau da kai. Mu a Zongo abin bai kai haka ba, mun cakuɗu da Asante da Dagomba da Mosi da kowa da kowa. A gidan hayar da muke ciki ina ganin Maame Akosua, wata matar Asante da ɗakinta yake jikin namu, tana ɗora 'yarta ta fari a cinya tana mata kitso, tana mata waƙa da sunanta. Ni kuwa "ke" ce. Ke zo, ke ɗauki, ke matsa. In tana magana a kaina da wani sai ta ce "yarinyar nan". Ƙannena biyu, Sani da Hadiza, sunansu kamar ya tsinke a bakinta don kira. Wata rana Maame Akosua ta ja ni gefe ta ba ni ayaba, ta ce da irin Hausarta, "Zinatu, uwa naka ba ya so ka ne? Ko ba shi ya haife ka ba?" Tausayina ta ji, ba mugunta ba ce, amma maganar ta shiga ta zauna.

A ƙarshen shekarar 1969, cikin azumi, ina da shekara bakwai, aka ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Tsofaffin Zongo sun san abin da nake faɗa. Mutane suka riƙa sayar da gadaje da kekunan ɗinki kamar kyauta, waɗansu ma ƙofa kawai suka bari a buɗe suka tafi. Baba albasa yake sayarwa a babbar kasuwa, bai taɓa taka Maradi ba a rayuwarsa, amma ba shi da takardar komai, kuma kowa ya san ubansa daga can ya zo. Tsoro ya kama shi, ya ce gara ya tafi da mutuncinsa da a zo a kama shi a gaban iyalinsa. Kaka ita ba ruwanta, 'yar ƙasa ce, ta ce ko da ƙarfi ba mai fitar da ita daga ɗakinta.

Ranar tafiya da hantsi wata babbar lori ta tsaya a gaban masallacin unguwarmu. Ni murna nake yi wallahi, ban taɓa shiga mota mai nisa ba, na ɗaura jan kallabina, na ɗaure 'yan kayana da kaina. Inna ta riga ta hau, Hadiza a cinyarta, Sani a gefenta. Na ɗaga ƙafa zan taka taya ke nan sai Kaka ta kama wuyan hannuna, ta ce da ƙarfi kowa yana ji, "Wannan kam ba za ta ba. Za ku kwashe mini ɗa da jikoki duka ku bar ni da bango? 'Yar fari ta kaka ce." Baba ya rasa yadda zai yi, ga uwarsa tana hawaye, ga direba yana ta danna hon. Sai ya ɗaga kai ya dubi Inna a cikin lori, a gaban maza da mata da suka cika motar, a gaban surukarta, ya ce, "Ke me kika ce?" Inna ko kallona ba ta yi ba. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska ta ce, "Ni ina ruwana da ita." Baba ya ce to shi ke nan. Ya dafa kaina, ya ce in yi wa Kaka biyayya, in abubuwa sun lafa zai dawo ya ɗauke ni. Ɗan wurin da ya rage kusa da ƙafar Inna, nan aka miƙa turminmu aka ajiye. Motar ta tashi, ni ko kuka ban yi ba, na tsaya riƙe da ƙullina har Kaka ta ja ni gida.

Bayan 'yan kwanaki aka yi ƙaramar sallah, gidan nan namu da yake cika da hayaniya rabin ɗakunansa a kulle. Duk shekarar da ta biyo baya, in na ji ƙarar babbar mota sai in fita da gudu in duba ko Baba ne. Bai dawo ba, kafin shekara huɗu ma aka aiko cewa Allah ya yi masa rasuwa. Kaka ta riƙe ni tsakani da Allah, ban yi yunwa ba, ban yi tsumma ba, ita ta koya mini girkin da nake ci da shi har yau, Allah ya jiƙanta. Amma kun san wasan kaka da jika. In na ƙona miya ko na fasa kwano sai ta tafa hannu ta ce, "Ai da gaskiyarsu, suka zaɓi turmi suka bar ki, turmi ko ba komai yana daka fura." Ta yi dariya, matan gida su yi dariya, ni ma in yi. Ita wasa take yi, ni kuwa da gaske na ɗauka, domin da kunnena na ji abin da Inna ta faɗa kuma da idona na ga inda aka sa turmin. Na yanke wa kaina cewa ni ba a sona don ni, sai dai don amfanin da nake da shi, kuma ran da amfanin ya ƙare za a tashi a bar ni.

Na girma, na yi furfura, wannan tunanin bai girma ya bar ni ba. In za a yi tafiya ni ce ta farko a tasha, wani lokaci kafin direba ma ya zo. Mun taɓa zuwa biki Tamale da matan ƙungiyarmu, mota ta tsaya a Kintampo kowa ya sauka ya kama ruwa ya sayi abinci, ni na ce ba na jin komai, alhali marata kamar za ta fashe, haka na daure har muka isa, don kawai kada in sauka motar ta tashi. Maigidana Alhaji tsohon direba ne a Tafo, mutumin kirki ne paa kamar yadda muke cewa a nan, shekara arba'in bai taɓa ɗaga mini murya ba, amma in ya sayo mini zane maimakon in gode sai in tsare shi da tambaya, me ya faru, me kake shirin yi mini. An yi mini aiki a ciki, likita ya ce in kwanta wata guda, kwana uku na tashi na ɗora tukunya, ɗinkin ya buɗe aka mai da ni asibiti, kowa ya ce son kuɗi ne, ba wanda ya san tsoron kwanciya nake yi a ga ana iya rayuwa ba ni. Matan unguwa sun taɓa zaɓena Magajiyarsu, na tashi a tsakiyar taro na zazzage su tas na ce izgili suke yi mini, har yau akwai waɗanda ba sa gaishe ni. Da na haifi 'yata ta fari, Fati, na riƙa kiran sunanta safe da rana, Fati, Fati, Fatima ta, har tsofaffi suka ce ba ni da kunya, na ce eh na ji, ba ni da ita.

Kada wani ya rubuto mini cewa ai kunyar ɗan fari ce. Na sani. Tun ina budurwa aka bayyana mini, ni ma na sha bayyana wa waɗansu. Kaina ya sani, zuciyata ce ta ƙi yarda, kullum sai ta ce mini kunya tana hana kiran suna, amma wace irin kunya ce za ta sa uwa ta tafi wata ƙasa ta bar 'yarta a bakin titi?

Sau biyu na je Maradi. Na farko bayan na haifi Fati, Inna ta yanka kaza, ta goya Fati wuni guda ba ta sauke ba, amma ni ta bakin Hadiza take mini magana, "A ce wa mutanen Kumasi ga ruwan wanka." Na biyu shekara goma sha tara da suka wuce, da na je ta'aziyyar Sani. Da mutane suka ragu na same ta a ɗaki ita kaɗai, na rufe ƙofa, na roƙe ta ta dube ni ta kira sunana sau ɗaya tak, ba mai ji sai Allah. Ta sunkuyar da kai tana tsintar bakin tabarma, can ta ce ko na ci abinci. Nan bakina ya kufce mini. Na ce mata Kaka ce uwata, ita dai ciki kawai ta ɗauka, na ce ko gawarta aka ce in zo in gani ba zan zo ba. Ta ci gaba da tsintar tabarmarta. Washegari na kama hanya, ta aiko Hadiza har tasha da ƙullin kuka da daddawa, ni kuma don baƙin rai na miƙa wa matar da ke kusa da ni a mota. Tun daga nan ina aika mata zannuwa da magani, in an ba ta waya mu gaisa sama-sama, iyakarta ke nan.

Kwana goma sha ɗaya da suka wuce ina wurin sana'a, ludayi a hannuna, sai ga saƙon murya daga Hadiza. Na danna ina zuba wa wani abinci. Sai na ji muryar tsohuwa tana kwaɗa kira, "Zinatu! Zinatu! Ina Zinatu? Kada motar nan ta tashi!" Da farko ban gane mai maganar ba, domin ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, ashe ma jan ƙarshensa take yi, ba yadda muke faɗa a nan ba. Da na gane sai na zauna daɓas a ƙasa, masu saye suka taru suna mini fifita sun zaci hawan jini ne.

Na kira Hadiza. Ta ce wata shida ke nan Inna ta fara ruɗewar tsufa, ta haura tamanin yanzu, tana sallah ta manta raka'a nawa ta yi, tana kallon jikokinta ta tambayi 'ya'yan wane ne. Ba su gaya mini ba saboda sun san halina. Amma wajen wata biyu ke nan abin ya sake salo. Kullum da safe sai ta ɗaure kayanta a zane, ta zauna a bakin zaure, ta bar ɗan fili kusa da ƙafarta, ba mai ajiye komai a wurin, an taɓa ajiye bokiti ta yi jifa da shi. Ta wuni tana kiran sunana. Kuma duk namijin da ya shigo gidan, ko mai sayar da ruwa ne, sai ta ɗauka Baba ne, ta kama bakin rigarsa ta ce, "Malam, sake tambayata. Don Allah sake tambayata." Hadiza tana jaririya lokacin da abin ya faru, ba ta san komai ba, ita ce ma take tambayata, "Yaya, wace tambaya ce wannan?" Na kashe wayar.

Daga baya Hadiza ta je wajen ƙanwar Inna da ke raye a ƙauye, ita ta warware mata. Ta ce a wajensu ba a yi wa uwa irin wannan tambayar a kan ɗan fari, balle a gaban suruka, in ma an yi, ba mai ɗaukar amsar da muhimmanci, kowa ya san baki ne kawai. Da namijin Maradi ne, da jin haka sai ya ba uwarsa haƙuri ya ɗaga yarinyar ya jefa a mota. Baba kuwa ɗan Kumasi ne, Bagwanja ta raine shi, abin da kunnensa ya ji shi ya ɗauka. Inna ta zauna tana jiran ya sake tambaya, ko ya matso kusa ya yi ƙasa da murya, sai ta ga an miƙo turmi. Ƙanwar ta ce duk tsawon hanyar nan ruwa kaɗai Inna take buɗa baki da shi, mutane suka zaci jiri ne na mota, kuma da suka isa ta yi watanni ba ta yi wa Baba magana. Sau ɗaya ta taɓa faɗa wa ƙanwar tata wannan, ta kuma sa ta rantse ba za ta gaya wa kowa ba. Jama'a, shekara hamsin da biyar ina ɗauke da wannan abu a ƙirjina, ashe ita ma tana ɗauke da nata.

Fati nas ce, tana aure a Atonsu, ita ta zo ta haɗa mana kiran bidiyo. Ku yi mini dariya in kuna so, wanka na yi, na sa kwalli, na ɗaura zanen da nake ajiye wa sallah, kamar yarinyar da za a kai gidan hoto. Aka sa wa Inna wayar a gabanta. Ta rame sosai, na ga ƙullin kayan a gefenta. Ta dube ni, ta gyara mayafinta irin na ganin baƙo, ta ce, "Sannu Hajiya, an zo lafiya?" Na ce Inna ni ce. Ta ce, "Hajiya don Allah ko kin ga wata yarinya a nan wajen, baƙa, mai wushirya, da jan kallabi? Tawa ce. Sunanta Zinatu." Na ce Inna ni ce Zinatu, ki dube ni da kyau, har na buɗe baki ina nuna mata wushiryar kamar wata mahaukaciya. Ta yi ɗan murmushi irin wanda ake yi wa mai taɓin hankali, ta ce, "Allah ya ba ki lafiya, Hajiya," ta juya ta ci gaba da kira.

Yanzu ga inda matsalar take. Inna ta daina cin abinci, sai cokali biyu uku na kunu da lallashi, ta ce sai yarinyar ta shigo mota za ta ci. Likitan da ya duba ta ya ce jikin ya yi rauni, in aka ci gaba a haka ba za a daɗe ba. Shi ne Hadiza ta kawo wata dabara. Fati tana da 'ya, Ummi, shekararta bakwai, baƙa ce, ga wushirya, duk wanda ya san ni ina yarinya ya ce kamar an tsaga kara. Hadiza ta ce, "Yaya, ki zo da Ummi, a ɗaura mata jan kallabi a zaunar da ita kusa da ƙafar Inna, a ce ga Zinatu. Ko Allah zai sa ta kwance ƙullin nan ta ci abinci, in ma tafiyar ce ta tafi da kwanciyar rai." Fati ta goyi baya nan take, ta ce masu irin wannan ciwon ba a musu da su, inda suke ake binsu, ta ce za ta nemi hutu a wajen aiki mu tafi mu uku. Alhaji shi kuma ya ce yaudara ce, ba a yi wa uwa haka a ƙarshen rayuwarta, in tafi ni kaɗai in zauna kusa da ita, jini ba ya ɓuya, ko ba ta gane fuska ba za ta gane ƙamshin jiki.

Da su biyun duka na yi faɗa. Alhaji na ce masa yana magana ne don ba shi aka kira Hajiya ba, ya je ya zauna da uwar da take tambayarsa ko ya ga ɗanta sannan ya zo ya yi mini wa'azi. Fati kuma abin da na gaya mata ina jin kunyar rubuta shi. Na ce so take ta ƙwace rabona ta ba 'yarta, abin da na jira tun kafin a haife ta, yanzu da ya zo sai a miƙa wa yarinyar da ba ta san zafinsa ba, ni in tsaya a bakin ƙofa ina kallo ana rungume ta da sunana. Fati ta yi kuka, ta ce ita ceton ran kakarta take nema. Gaskiya ta faɗa. Ranar Asabar Ummi ta zo gidan, ta rugo da gudu za ta faɗa jikina kamar kullum, wallahi sai na ga hannuna ya ture ta. Yarinyar ta tsaya tana kallona ba ta san laifin da ta yi ba. Tsohuwa da ni, mai jikoki tara, ina jin haushin 'yar shekara bakwai.

Kuma kada ku zaci jin gaskiyar nan ya warkar da ni. In na saurari saƙon muryar nan, kuma na saurare shi ya fi sau ɗari, sai in ji kamar an sauke mini dutse. Kafin in gama alwala sai zuciyar nan tawa ta dawo ta ce ke dai ba ki da wayo, maganar wadda hankalinta ya gushe za ki kama, ai lokacin da take da hankalinta kin durƙusa kin roƙe ta ba ta kira ki ba. Ta ce mini yarinyar take nema, wadda ba ta taɓa zaginta ba, ke kuwa da kika ce ko gawarta ba za ki gani ba, da wane ido za ki shiga gidan. Sai in rasa wacce ce uwata ta gaskiya a cikin biyun, mai kiran ko mai shirun.

Jiya Hadiza ta ƙara gaya mini wani abu da ya ƙarasa rikita ni. Ta ce wani lokaci hankalin Inna yana dawowa, na awa ɗaya ko biyu, ta gane kowa, ta nemi carbinta, har ta tambayi wa ya ɗaure mata kaya. A irin wannan lokacin ne Hadiza ta ce mata, "Inna, kin wuni kina kiran Yaya da sunanta." Sai ta rufe fuska da mayafi ta ce, "Ni? Allah ya kiyaye," ta zauna a haka har ruɗen ya dawo mata. Wato ko na je, hanya biyu ce. In tana ruɗe za ta kira sunana amma ba za ta gane ni ba. In tana cikin hankalinta za ta gane ni sarai, ta sunkuyar da kai ta aiko a tambaye ni ko na ci abinci.

Motar Nijar ranar Asabar take tashi, tafiyar kwana biyu ce zuwa uku, kuma zuwa Alhamis dole in faɗi kujera nawa za a kama. Don Allah iyayena da 'yan'uwana da 'ya'yana na wannan zaure ku gaya mini. In tafi ni kaɗai kamar yadda Alhaji ya ce, in zauna a gabanta tana leƙa bayana tana neman wata, alhali na san wataƙila a haka yunwa za ta ƙarasa ta, don kawai na kasa haƙuri a rungumi jikata? Ko in tafi da Ummi, in ɗaura mata kallabin da hannuna, in tura ta, in koma gefe in yi shiru? In na yi haka ban san ko zan dawo Kumasi da hankalina ba. Akwai wanda ya taɓa jinyar tsoho mai irin wannan ciwon, akwai hanyar da ake bi su gane mutum ko na minti ɗaya ne?

Sai abu na ƙarshe, wanda ko Alhaji ban gaya wa ba, shi ya sa na ce a ɓoye sunana. Kowa a gidan Maradi addu'a yake yi Allah ya dawo wa Inna da hankalinta. Ni kuwa tun jiya, a kowace sujada, abin da bakina yake roƙo shi ne kada hankalinta ya dawo kafin in isa, domin a ruɗen nan ne kaɗai take nemana. Uwata ce, tana fama, ni kuma ga abin da nake roƙa mata. Masu ilimi a cikinku ku gaya mini ko akwai gafara a kan wannan, na yi istigfari na sake yi, amma da na kai goshi ƙasa sai in ji na sake roƙa.